Godiya ga Injiniya da Yaran Shagonsa a Birnin Kebbi

Zuwa ga Injiniya, mai shagon haɗa kwamfuta da gyaranta a kan titin Ahmadu Bello, Birnin Kebbi, da yaran da ke aiki a hannunsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da yaran shago, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin godiyar da na yi maka baki da baki ba ta ishe ni ba. Ka hana ni ambaton sunanka, na kuwa kiyaye, amma ba ka hana ni faɗin aikinka ba. Duk mai son sanin shagon ya neme ni, zan raka shi da ƙafata.

Ni mai gidan wasan gem ne a Badariya. Da PlayStation na fara kamar kowa, daga baya samari suka matsa mini da maganar kwamfuta, domin akwai wasannin da ba sa daɗi sai da linzami da kibod. Na sayo kwamfutoci haɗaɗɗu a hannun wani dillali na wani gari. Tsawon hunturu suka yi aiki lafiya lau, bazara na kawo kai kowace ta fito da nata ciwon. Ɗaya takan mutu ɗif ana tsakiyar wasa, ba gargaɗi ba komai. Ɗaya hotonta ya riƙa sarƙewa yana tsalle. Wata kuma fankarta ke kuka har maƙwabta na ji. Sai wanda ya yi sana'ar nan ya san nauyin abin: yaro ya biya kuɗin awa, yana cin abokinsa biyu da nema, saura ƙiris a tashi, allo ya yi baƙi. Dole ka mayar masa da kuɗinsa, gobe kuma wani gidan za shi, ya ja abokansa su bi shi.

Duk wanda na kai wa kuka, amsa ɗaya yake ba ni, wai katin girafik, wato ɓangaren da ke fitar da hoto a allo, ya tsufa, in nemi sabon kati mai suna RTX 3060. Ranar da na kawo maka wadda ke mutuwa, katin nan yana cikin gilashin shagonka, ina kallonsa, kuɗinsa kuma suna aljihuna. Da ka ɗauko ka miƙo mini, wallahi da godiya zan yi maka in tafi. Sai ka ce, "Alhaji, ajiye kuɗinka tukuna, bari mu ji ta bakin na'urar."

Abin da ka yi bayan nan shi ne dalilin wasiƙar. Ka kwance murfin gefe, ba ka ko kalli katin ba, ka tafi kai tsaye kan fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta. Ka kwance shi ka ɗora mini a tafin hannu, na ji shi shafal, alhali a jikinsa an buga wat 650 da manyan lambobi, babu sunan kamfanin da kowa ya sani. Ka nuna mini ƙananan rubutun da ke ƙasa: layin bolt 12, wanda katin girafik da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke sha daga gare shi, amfiya 18 kacal aka rubuta. Ka ɗauki biro ka buga lissafin a bayan rasit, 12 sau 18 ya ba da wat 216. Katin da ke ciki, RX 580 mai giga 8, yana jan wat 185 shi kaɗai idan wasa ya yi zafi. Firosesar kuwa Ryzen 5 3600 ce, mai wat 65 a rubuce, tana kuma haura haka in aiki ya matsa. Ka ce an ɗora wa jaki kayan raƙumi ne, dole ya durƙushe.

Sai ka zaro wata 'yar waya da aka yi jona da ita daga bakin SATA, wanda aka yi don bai wa had-dis wuta, zuwa bakin katin mai fil 8. Robarta ta yi ruwan ƙasa, ta fara narkewa a gefe ɗaya, ka kai mini ita hanci na ji ƙaurin. Ka bayyana mini cewa bakin fil 8 an yi shi ne ya ɗauki wat 150, bakin SATA kuwa bai wuce wat 54 ba, saboda haka mutuwar da na'urar ke yi rahama ce, domin abin da ke biye shi ne gobara. A ɗakin da yaran mutane ke zaune a jere, ƙofa ɗaya. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Ba ka tsaya a kan zato ba. Ka jona fawa-fak ɗin gwaji na shagonka, ka kunna manhajar FurMark da ke matsa wa kati lamba, ka bar ta tana gudu muka tafi sallar la'asar muka dawo, na'ura tana nan daram. "Wanga kati lafiyarsa ƙalau," ka ce, "ba ya buƙatar magaji yanzu." Ka sa mini fawa-fak mai wat 550 na kamfanin da aka sani, mai tambarin 80 Plus Bronze, wanda ke da wayar fil 8 tasa ta kansa. Kuɗin da na biya ko kusa bai kai na katin da na zo saye ba, ragowar su ne suka gyara sauran kwamfutocin.

Mai kukan fanka kuwa zafi ne da ƙura. Garin nan a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi waje, ga ƙurar hunturu da ta kwanta a ciki tun Disamba. Da yaronka ya cire fankar firosesa, ƙura ta yi kirtani tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya, man da ake shafawa tsakanin ƙarfen da firosesa ya bushe ya zama gari. Ka nuna mini a allo zafin yana taɓa digiri 95, iyakar da firosesar ke rage gudun kanta don kada ta ƙone. Yaron ya goge tsohon man da sifirit, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ya hure ƙurar da bulowa yana danne da fankar da yatsa. Na tambaye shi dalilin dannewar, ya ce in iska ta juya fanka fiye da ƙima, gindinta kan lalace. Yaro ƙarami, amma ya san dalilin abin da hannunsa ke yi, wannan kuwa tarbiyyar maigida ce. Ka umarce ni in ɗaga kwamfutocin daga ƙasa, in raba su da bango, in kuma daina rufe su da ƙyalle suna aiki kamar yadda masu shara ke yi don tsoron ƙura.

Mai sarƙewar hoto ba ta ɗauke ka lokaci ba. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, ɗaya ce a ciki mai giga 8, ga tsohon had-dis mai faifai. Ka ce wasan ƙwallon da yara suka fi so, EA Sports FC 24, wanda ya gaji FIFA a 2023, giga 8 shi ne mafi ƙarancin abin da yake karɓa, masu shi ma 12 suka ba da shawara, kuma yana cin wuri har giga 100. Ka ƙara RAM ta biyu irin ta farko, ka sa su a rami na biyu da na huɗu domin su yi aiki tare ta hanya biyu, ka mayar da Windows da wasannin kan SSD, ma'ajiya marar faifai da ta fi had-dis sauri. Shi ke nan.

Akwai abin da na gani a shagonka wanda ba nawa ba ne, amma ya ƙara mini ganin girmanka. Ina zaune wani ɗalibin kwalejin Waziri Umaru ya shigo da kati a leda, ya saye shi da araha ta intanet, an rubuta GTX 1050 Ti a kwalinsa, amma duk wasan da ya buɗe sai ya rufe kansa. Kana juya bayan katin ka nuna masa bakin VGA, shuɗin nan na tsofaffin monita, ka ce katin gaske na wannan zubin ba ya zuwa da shi. Ka sa shi a na'urar gwaji ka buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati, ta fallasa shi: tsohon GTS 450 ne na shekarar 2010 aka sauya wa suna a ciki. Idon yaron ya cika da ƙwalla, da alama kuɗin da ya daɗe yana tarawa ne. Ba ka yi masa dariya ba, ba ka karɓi ko sisin gwaji ba. Ka tambaye shi irin kwamfutarsa, ya ce siririyar nan ce ta ofis, tokumbo. Ka gaya masa gaskiya cewa irin waɗannan fawa-fak ɗinsu ƙarami ne, wayoyinsa kuma ba irin na kasuwa ba ne, don haka kada ya sake ya sayi kati mai neman wayar wuta ta daban. Ya nemi GTX 1650 gajere, irin wanda ke wadatuwa da wat 75 na ramin madabod, wato babban allon da ake soka kayan ciki a jikinsa, in ya tara kuɗi. Ranar ba ta ƙare ka ci ribar kobo a kansa ba, amma na tabbata ka samu abokin ciniki na shekaru.

A wurinka na fahimci dalilin da ya sa tsofaffin katuna suka cika kasuwa. Da yawansu an yi haƙar kuɗin kirifto da su dare da rana, har zuwa Satumbar 2022 da Ethereum, ɗaya daga cikin manyan kuɗaɗen kirifto, ta daina amfani da katin girafik, masu su suka zubo su kasuwa. Ka ce ba duka ne matattu ba, akwai masu sauran rai sosai, amma ba ka sayar da ko ɗaya sai ka buɗe shi, ka sauya mai, ka duba fanka, ka gwada shi a gaban mai saye. Ka kuma ja kunnena kan RX 580 mai alamar 2048SP, wato adadin ƙananan sassan da ke sarrafa hoto a cikinsa, wanda ƙarfinsa bai kai na cikakken mai 2304 ba, kusan RX 570 ne da sabon suna. Mutane da yawa na sayensa da kuɗin cikakken ba su sani ba. Ni a ganina mai shagon da zai faɗa maka aibin hajar da ke kan kantarsa ya cancanci a yi masa shela.

Batun wuta ma ba ka bar ni haka ba. Kowa ya san yadda take zuwa mana, wani lokaci ba ƙarfi, wani lokaci ta dawo da fushi bayan an ɗauke. Ka zo gidan gem ɗin da kanka bayan ka rufe shago, ka auna soket da mita, ka gano babu wayar ƙasa, ka ce a kira mai wayarin ya sa. Ka ce sitabilaiza ta zama dole, sannan a sa UPS ko da ƙarama ce, wadda za ta riƙe na'ura kafin a tada janareta. Da na ce ina shirin sa sola, ka gargaɗe ni in nemi inbata mai fitar da wuta mai santsi irin ta layi, domin fawa-fak na zamani da yawa ba sa shiri da ta arahar nan, sai su riƙa ƙara ko su mutu lokacin sauyin wuta. Ba kai ke sayar da inbata ba, ba ka kuma tura ni wurin wani don a ba ka la'ada ba.

Haka ka tuna mini cewa Microsoft ta sa 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, ka duba kwamfutocina ɗaya bayan ɗaya, ka ware masu iya ɗaukar Windows 11. Guda mai tsohuwar firosesar Intel zubi na 6 ka ce ba ta cikin jerin waɗanda aka amince da su, kada in ƙara zuba mata kuɗi, in bar ta ta yi iya kwananta.

Ƙananan abubuwa ma ina so in ambata, domin su ne ba a cika samu ba. Kowane abu da aka cire a na'urata an mayar mini da shi a leda, har da narkakkiyar wayar nan. Rasit ɗinku yana ɗauke da lambar kowane kaya da tsawon garantinsa. Wata fanka da kuka sa ta fara gurnani bayan ɗan lokaci, na aiko yaro da ita, aka sauya ba tare da an tambaye shi ko me ya yi mata ba. Yaran shagonka suna gaida mutum, ba sa yi wa wanda bai san kwamfuta ba kallon baƙauye, kuma in lokacin salla ya yi ana ajiye sukundireba.

Ina da roƙo ɗaya, Injiniya. Samarin da ke cika gidana da yamma, akwai masu kaifin ƙwaƙwalwa a cikinsu, wasu har sun fara tambayata ko za ka karɓe su koyon aiki. Na san shagon ba shi da faɗi, amma in da hali ka ƙara ko mutum biyu a lokacin hutun makaranta. A da ƙaramar matsala sai an sa kwamfuta a mota zuwa Sakkwato ko Kano, a jira, a biya kuɗin mota, wani lokaci ta dawo da sabon ciwo daga girgizar hanya. Ina so a wayi gari Argungu da Jega da Yawuri da Zuru kowanne yana da wanda ya fito daga hannunka. Iyayen biyu daga cikin yaran sun riga sun amince, ni kuma zan tsaya musu.

Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa albarka a kasuwarka, Ya raya maka zuri'a, Ya jiƙan magabatanka. Yaran shago kuma Allah Ya yaye su lafiya, Ya ba kowannensu nasa shagon.

Wassalam.

Naka,
Mai gidan wasan gem,
Badariya, Birnin Kebbi.