Wasiƙa ga ɗana mai shirin jarrabawa a Akoka

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ƙaninka ya ce tun da aka kafe jadawalin jarrabawa kake fama da faɗuwar gaba.

Idan fargaba ta kama mutum, jiki kan saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau. Ga matashi mai lafiya wannan na ɗan lokaci ne, hankali na kwanciya yake sauka. Ba shi nake jiye maka ba, sai abin da kuke ɗora wa jiki da sunan karatun dare.

A cikin barci jini kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, zuciya ta samu hutu. Wanda ya kwana a aji ya hana ta wannan. Ka nemi awa 7. Nescafe na mai shayi, goro da lemon ƙara kuzari duk akwai sinadarin kafin (caffeine) mai hana barci a cikinsu. Gwangwanin lemon ƙara kuzari mai mililita 250 na ɗauke da kusan miligiram 80, kuma bayan awa 5 rabinsa na nan a jikinka. Daga la'asar ka bar su. Indomie kuwa (na san ita ce tuwonku) ka zuba rabin sinadarinta, domin gishirin yini guda bai kamata ya kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali. Kada ka sayi magani a hannun masu talla a mota. Wasu magungunan mura, da ibuprofen da diclofenac, suna ɗaga jini.

Ka je asibitin makaranta a auna hawan jininka. Ka zauna minti 5 tukuna, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu daidai ƙirji, ba surutu, ba kofi a rabin awar da ta wuce. A auna sau biyu. Ƙasa da 120/80 ake so. Idan 140/90 ya maimaitu a ranaku daban-daban, to maganar likita ce, kada ka ce ai jarrabawa ce.

In bugun zuciya ya taso a zauren jarrabawa, ka ja numfashi a hankali, ka sake shi a hankali, kamar sau 6 a minti. Amma ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, suma, ko awo ya kai 180/120, kada ka jira gari ya waye. LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, na nan Idi Araba, ka kira babanka kana hanya.

Allah ya ba da sa'a.

Mahaifiyarka,
Agege