Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano Kan Yawon Buɗe Ido

Mai Girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin firamare ne, haifaffen cikin badala, kuma na ɗauki alƙalami ne saboda wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su a watan Disamba na 2024, ake ta batun yadda za a jawo baƙi. Ban ƙi hakan ba, sai dai har yau ban ji an tsaya an tambayi wanda zai ci moriyar zuwan baƙin da wanda za a bari a bakin ƙofa ba.

Ranka ya daɗe, a duba marinar Ƙofar Mata, wadda tarihinta ke komawa shekarar 1498. Baƙo yakan zo ya tsaya a bakin rami, ya kalli dattijo yana tsoma zane cikin ruwan baba da toka, yana ɗagowa iska ta sha shi har launin ya juye daga kore zuwa shuɗi, ya ɗauki hoto, ya wuce. Da wuya ya san cewa wannan ado da ya burge shi, wata mata ce ta zauna a tsakar gidanta ta ƙulla shi da zare, ƙulli bayan ƙulli, kafin a kawo shi marina, kuma ladan da take samu bai taka kara ya karya ba. Da a ce an tsara yadda baƙo zai biya kuɗi ya yi wuni yana koyo, mata baƙi su shiga gida su zauna a tabarma ɗaya da masu ƙulli, maza su riƙe muciya a bakin rami, su kuma gwada bugu a wurin masu bugun zane, da kuɗin ya shiga hannun masu sana'ar kai tsaye, kuma da matar da ba a taɓa ambaton sunanta ba ta zama malama mai ɗalibai. Haka za a iya yi wa majema na Ƙofar Wambai, da dukawa, da masu ɗinkin hula, waɗanda da yawansu matasa ne da ba su samu damar yin nisa a boko ba.

Abin da ya fi damuna shi ne 'ya'yanmu. A ajina akwai yaran da kullum suna hango Dutsen Dala daga soron gidansu, amma ba su taɓa shiga gidajen tarihi irin su Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ba, balle almajirin da ya zo daga ƙauye, wanda bai san Kasuwar Kurmi da komai ba sai wurin ɗaukar kaya. Na taɓa kai ɗalibaina wani wurin tarihi, sai muka bar yarinya ɗaya a waje cikin kekenta na guragu saboda matakala, tana jin shewar 'yan'uwanta daga ciki. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce mini in na fito in ba ta labari. Alhali kuwa dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta bai wa gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, kuma wa'adin ya cika tuni.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa fita ganin gari haƙƙi ne na talaka ma. Faransa ta kafa tsarin takardun tallafin hutu ga ma'aikata tun 1982, Sifaniya kuma tana ɗaukar nauyin wani kaso na tafiye-tafiyen tsofaffi tun 1985. Mu ba sai mun kai nan ba.

Roƙona shi ne a ware rana ɗaya a kowane mako da za a buɗe wuraren tarihi kyauta ga makarantun gwamnati da tsangayoyi da gidajen marayu, a kuma tanadi motar da za ta kwaso su. A yi gangara a gefen matakala, a horar da masu fassara da hannu daga cikin tsofaffin ɗaliban makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki, a ɗauke su aiki a matsayin 'yan rakiya. A lokacin Hawan Daushe a keɓe wa masu keken guragu da tsofaffi rumfa a Ƙofar Kudu. Sannan kafin a rubuta kowane tsari, a kira shugabannin marina da wakilan mata masu ƙulli a ji ta bakinsu, domin su ne suka san kuɗin baba da yawan kwanakin da rami ke ɗauka kafin ya nuna.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon dubawa.

Naka mai biyayya,
Wani malamin firamare, cikin birnin Kano