Wasiƙa Zuwa Ga Aminina: Labarin Makaranta da Wata Alfarma

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na can. Wasiƙarka ta iso ni tun makon farko na zangon nan, na kuma karanta ta fiye da sau ɗaya, amma hidimar dawowar ɗalibai ta hana ni samun natsuwar da zan ba ka amsa yadda ya kamata, don haka ka yi mini afuwa. Ka tambaye ni halin da makaranta take ciki tun bayan tafiyarka. Zan ba ka labari gwargwadon iko, sannan akwai wata alfarma da ni da yarana muke nema a wurinka, wadda ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami yau ban bari sai gobe ba.

Tsarin yini yana nan yadda ka bar shi. Ƙararrawa tana tashin yara da asuba, a yi shara da gyaran gadaje, a fito taron safe, a shiga aji, da yamma a tafi fili, da dare kuma a zauna bitar karatu. Ɗakin kwanan da ka riƙe shekara da shekaru yanzu yana hannuna, kuma har yau manyan yaran suna kiransa da sunanka idan sun manta. Dokar karɓe wayoyi a bakin ƙofa tana nan daram, sai dai an ƙara wa 'yan aji ɗaya lokacin kiran gida a ƙarshen mako, saboda mun lura cewa kewar iyaye ce take kai yawancinsu ɗakin shan magani da ciwon kai ko ciwon ciki wanda ba a gano dalilinsa. Tun da aka yi wannan sauyi zirga-zirgar ta ragu ƙwarai. A gasar ƙwallon ƙafa ta gidaje kuwa, namu gidan ya kai wasan kusa da na ƙarshe, aka fitar da mu a bugun daga kai sai mai tsaron gida, yaron da ya zubar da bugun ƙarshe ya kwana biyu ba ya son haɗa ido da kowa, har sai da shugaban ɗaliban gidan ya zauna da shi ya lallashe shi ba tare da wani malami ya sa shi ba. Wannan ya fi kofin daɗi a wurina.

Babban aikin da aka yi a zangon da ya wuce shi ne gyaran laburare. Ka san yadda littattafan suke a cakuɗe, na lissafi a kan na tarihi, kowa ya ajiye inda hannunsa ya kai. Sabuwar mai kula da wurin ta nemi a ba ta 'yan sa-kai daga aji biyu, ta koya musu tsarin lambobi na Dewey, wanda aka fara bugawa a 1876, mai raba ilimi gida goma, inda kimiyya take a lamba 500, adabi a 800, tarihi da labarin ƙasa a 900. Yaran suka yi makonni suna manna lambobi a bayan littattafai suna jerawa. Daga wannan aiki ne labarin da nake son ba ka ya samo asali.

Cikin 'yan sa-kan akwai wani yaro wanda ba don ra'ayinsa ya shiga ba, horo aka yi masa da aikin saboda yawan surutu a lokacin bitar dare. Yaro ne mai kaifin basira amma ba ya iya zama wuri ɗaya, sakamakonsa kullum yana ƙasa, har mahaifinsa ya fara maganar cire shi. Kanta mai lamba 520, wato ta ilimin taurari, ita aka ba shi ya jera. Wata rana bayan an tashi daga aji sai ya tare ni da wani tsohon littafi a hannu, ya tambaye ni ko gaskiya ne wai wani mutum ya auna girman duniya da sanda da inuwa kawai. Na ce masa gaskiya ne. Mutumin shi ne Eratostenis, wanda ya shugabanci babban laburaren Iskandariya a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Ya sami labarin cewa a garin Siyen, wato Aswan ta yau, akwai rana guda a shekara, wajen 21 ga Yuni, da rana take tsayawa cak a bisa kai da tsakar rana, abin da yake tsaye ba ya yin inuwa. A wannan rana kuwa a Iskandariya inuwa tana fita, kuma kusurwarta ta kai kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, wato digiri 7.2. Sai ya ce ashe nisan da ke tsakanin garuruwan biyu shi ma kashi ɗaya ne cikin 50 na kewayen duniya, ya ninka nisan sau 50, ya sami amsar da ba ta yi nisa da gaskiya ba, wadda a yau muka san ta kai kimanin kilomita 40,000. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, “Malam, to me zai hana mu ma mu auna?”

Malam, shekaruna nawa ina koyar da kusurwa a kan allo, ban taɓa ganin ajin nan ya motsa kamar yadda wannan tambaya ta motsa shi ba. Muka nemi izinin shugaban makaranta, ya ba mu gefen filin ƙwallon kwando saboda daɓensa a baje yake. Muka kafa sanda mai tsawon mita 1, muka raba aiki: wani yana riƙe da agogo, wani da alli, wani da tef ɗin awo, wani yana rubutawa. Abu na farko da suka gano da idonsu shi ne tsakar rana ta gaskiya ba ita ce ƙarfe 12 na agogo ba. Dole ne a fara sa alama tun da hantsi ya ɗaga sosai, duk bayan minti biyar a ɗiga alli a bakin inuwar, a ga tana gajarcewa har ta kai iyakarta, sannan ta fara tsawo. Wurin da ta fi gajarta shi ne abin nema.

Gwajinmu na kwana uku na farko bai yi kyau ba, domin kullum da amsar da muke samu, kuma bambancin ya fi abin da sauyin rana daga yau zuwa gobe zai iya kawowa. Na san inda matsalar take, amma na daure ban faɗa ba. A rana ta huɗu sai na ga yaron nan ya zare igiyar takalminsa, ya ɗaura mata kwaɗon akwatinsa, ya saki kwaɗon yana lilo a jikin sandar har ya tsaya, sai ga shi a fili sandar ta ɗan karkace. Irin dabarar da magina suke yi ke nan idan suna son bango ya miƙe, kuma babu wanda ya koya masa. Da suka gyara, sai na nuna musu a lissafi cewa a sanda mai mita 1, kusurwar Eratostenis ta digiri 7.2 inuwar da ba ta kai santimita 13 ba take bayarwa, kuma kuskuren santimita 1 kacal ya haura rabin digiri, alhali kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne a doron ƙasa. Tun daga ranar ba na bukatar in ce wa kowa ya yi hankali. Sai ka gan shi kwance rub da ciki a kan daɓe mai zafi, alli a hannu, suna gardama da abokinsa a kan inda bakin inuwar yake, domin sun lura bakin ba ya fita tsaf, yana da ɗan dishi-dishi. Wannan ma ya zama darasi, don na bayyana musu cewa rana faifai ce mai faɗin kusan rabin digiri a idonmu, shi ya sa gefen inuwa yake narkewa a hankali. Suka yanke shawarar su riƙa ɗaukar tsakiyar dishin kullum.

A taron iyaye da malamai na makon jiya wani uba ya miƙe ya tambaya ko wannan abu zai fito a jarrabawa, ya ce shi bai kawo ɗansa nan don ya riƙa zama cikin rana ba. Ban ji haushinsa ba ko kaɗan, domin na san da gumin goshinsa yake biyan kuɗin makarantar, kuma makaranta mai zaman kanta da sakamakon jarrabawa ake auna ta, mu ma mun sani. Na ba shi amsa cewa kusurwa da rabo da da'ira duk suna cikin manhaja, kuma aikin ba ya wuce sa'a ɗaya, galibi cikin lokacin hutu. Abin da ya fi amsata ƙarfi shi ne mahaifin yaron nan da kansa ya tashi ya ce a kiran da ɗansa ya yi masa na ƙarshe bai roƙi komai ba, bayanin inuwa ya yi ta yi masa har lokacin ya ƙare, kuma ya janye maganar cire shi. Ni dai ra'ayina shi ne mun daɗe muna tsare yaran nan a kujera fiye da kima, muna kiran kuzarinsu rashin ji, alhali da yawansu aikin da za su riƙe da hannunsu suke nema.

To ga alfarmar. Awo daga wuri ɗaya ba ya ba da girman duniya, sai an sami wuri na biyu mai nisa ta kudu ko ta arewa, kuma da na duba taswira sai na ga babu wanda ya dace da mu kamarka. Muna roƙon ka zaɓi wasu daga cikin ɗalibanka su yi irin wannan awo a ranar 20 ga Maris, lokacin da dare da yini suke kusan daidaita. Kowace rana za ta yi muddin mun yi tare, amma mun zaɓi wannan ne saboda a lokacin rana tana bisa layin da ya raba duniya biyu, don haka kusurwar da kowa ya samu za ta yi kusan daidai da digirin nisan garinsa daga wannan layi a taswira, kowa sai ya iya duba aikinsa da kansa. Ku yi amfani da tsakar ranarku ta can, kada ku damu da tamu. Ku tabbatar ƙasar a baje take kuma sandar ta miƙe, ku rubuto mana tsawon sandar da tsawon inuwar mafi gajarta, ku kuma faɗa mana ko inuwar ta faɗi ta arewa ne ko ta kudu, domin idan gefe ɗaya ta faɗi da tamu debe kusurwoyin za mu yi, idan kuwa saɓani ne sai mu tara su. Zai yi kyau ku gwada a ranar 19 da ta 21 ma, ko da gajimare zai rufe ɗayanmu.

Yaran sun roƙe ni in tambaye ka ko za ka yarda su rubuta wa naka ɗaliban wasiƙa da hannunsu, su bayyana musu dabarar igiya da kwaɗo, kuma na yi musu alkawarin zan isar. Idan ka amince, ka sanar da ni da wuri don mu aiko kafin jarrabawar tsakiyar zango ta ɗauke musu hankali.

Malaman da ka sani duk suna gaishe ka, haka ma mai gadin ƙofa, wanda ba ya rasa tambayar lafiyarka. Ka isar mini da gaisuwa wurin uwargida da yara. Muna sauraron amsarka, Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka