Aminina, ga amsar tambayarka kan allurar masu juna biyu

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Na yi farin ciki da jin cewa mai ɗakinka na da juna biyu, Allah ya raba lafiya. Na kuma ga ƙorafinka: ka ce ta ƙi yarda da kowace allura a wurin awo, wai tun lokacin korona ta daina amincewa da gwamnati, tunda jiya an ce kada a yi wa masu ciki, yau an ce a yi. Wallahi ban ga laifinta ba, amma bari in gaya maka inda gizo ke saƙar.

Lokacin da kamfanoni suka gwada allurar korona a 2020, ba su sa mata masu ciki a cikin gwajin ba. Tsoron ya samo asali ne tun daga maganin talidomaid da aka riƙa ba masu laulayi a ƙarshen shekarun 1950, aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka da allurar ta fito a Disamban 2020, Birtaniya ta ce masu ciki su dakata. Ba wai an ga illa ba ne, babu bayanai ne kawai a hannu. Isra'ila ta fara yi musu a Janairun 2021. Birtaniya ta sauya matsayi a Afrilu, bayan ta duba bayanan mata kusan 90,000 da aka yi wa a Amurka ba tare da an ga abin tayar da hankali ba. Ita kanta Amurka sai a Agusta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, ta fito ƙarara ta ce su yi.

To amma magana zarar bunu ce. Kalmar farko ce ta zauna a kunnen mata. Cutar kuwa ba ta jira kowa ba. Mai ciki huhunta a matse yake, garkuwar jikinta ma ta sauya, shi ya sa korona ta fi kwantar da su, ta kuma jawo haihuwar bakwaini. A 2021 hukumar lafiyar Ingila ta ce kusan ɗaya cikin biyar na majinyatan korona da aka ɗora kan na'urar da ke yin aikin huhu mata ne masu ciki da ba su yi allurar ba. Gudun gara aka faɗa gidan zago.

Abin da ke ba ni haushi, ba ranar aka fara ba. A Kongo, lokacin Ebola ta 2018, an hana masu ciki allurar sai a 2019, alhali cutar kusan ba ta barin ɗan da ke ciki da rai. Gwamnati ta tsare kanta daga zargi, ta bar mace ita kaɗai da shawarar da likitoci ma suka kasa yankewa.

Ban ce kowace allura ake yi wa mai ciki ba. Ta ƙyanda, alal misali, mai ɗauke da ƙwayar cuta da aka raunana, sai bayan haihuwa. Amma ta tetanus shekaru da dama ana yin ta, kuma garkuwar na ratsa mabiyiya ta isa ga jariri kafin ya zo duniya. Kada haushin korona ya sa ta rasa wannan.

Ka raka ta awo da kanka, ta zauna da ungozoma ta yi duk tambayoyinta, kada ka tsawata mata. Ka gaishe min da ita da yara, kuma ka sanar da ni yadda kuka yi.

Naka har kullum,
Amininka