Wasiƙa daga birnin Kazan na Rasha

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ka tambaye ni me ya hana Rasha kamo Jamus a arziki, alhali ga fetur, ga gas, ga alkama. Kowa takunkumi yake kawowa, kuma ya yi mata illa, don tun 2022 ake riƙe da kuɗinta kusan dala biliyan 300 a waje. Amma a ganina ciwon ya girmi takunkumi. Mutum a nan bai sakankance cewa abin da ya gina yau zai wayi gari yana nasa ba.

Dattawan unguwarmu ganau ne. A 1992, bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, gwamnati ta saki farashi, kaya suka ninka fiye da sau ashirin cikin shekara ɗaya, ajiyar da mutum ya tsufa yana tarawa ta koma kuɗin cefane. Aka raba wa kowa takardar hannun jari ta rubul (kuɗin ƙasar) 10,000, da yawa suka karyar da ita don su ci abinci. A 1995 aka jinginar da manyan kamfanoni ga wasu tsirarun masu banki: kamfanin haƙar ma'adinai na Norilsk Nickel ya faɗa hannun Potanin, kamfanin fetur na Yukos kuma hannun Khodorkovsky. A 1998 rubul ya sake karyewa. Shi kansa Khodorkovsky an kama shi a 2003, rijiyoyin Yukos suka koma wa kamfanin Rosneft na gwamnati. To ka ga talaka ya daina yarda da banki, attajiri kuma da ya samu sai ya tura waje, a da Sayifuras, yanzu Dubai. Wa zai kafa masana'antar da sai ta shekara goma kafin ta kawo riba?

Abin da ya fi taɓa ni su ne garuruwan da masana'anta ɗaya tal ke ciyarwa, sun haura 300. In ta tsaya, gari ya tsaya. A 2009 mutanen Pikalyovo, ɗaya daga irin waɗannan garuruwan, sun tare babbar hanya saboda albashi ya maƙale, sai da Putin ya je da kansa aka biya su. Sauran garuruwan wa zai je musu?

Yanzu kuma yaƙin Yukren ya kwashe matasa, wasu fagen daga, wasu ƙetare, a ƙasar da dama haihuwa ta yi ƙaranci. Babban banki ya kai kuɗin ruwa kashi 21 cikin ɗari a 2024. Maƙwabciyata mai gidan burodi ta so ƙara tanda, ta lissafa ruwan bashin, ta haƙura. Matar nan ta iya sana'arta ƙwarai, wallahi abin ya dame ni.

Ka gaishe min da Hajiya da kyau, ka ce ina yi mata addu'a. Ka rubuto min yadda damina ta yi muku bana.

Wassalam,
Amininka