Baƙin layin da ke sama da ƙasan fim ba lalacewa ba ne

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu kan wani abu da ke cin kuɗin mutane a banza. Ni mai gyaran kwamfuta ne a Garwa, nan arewacin Kamaru. A makon jiya wani dattijo ya shigo shagona da laftof ɗin da ya saya wa 'yarsa, ransa a ɓace. Ya ce duk daren da yara suka kunna fim ɗin Indiya, sai baƙin layi mai kauri ya fito sama da ƙasa, hoto ya tsuke a tsakiya. Ya riga ya kai wa wani mai gyara, an canja masa gilashi, an karɓi sefa dubu 35, ya koma gida ya tarar layin na nan daram. Na ce masa, "Baba, gilashinka na farko ma lafiyarsa ƙalau." Wallahi abin ya dame ni, don na san yadda ake wahala kafin a tara wannan kuɗi.

Kowane allo da awonsa. Yawancin laftof na hannu da ke shigowa kasuwarmu 16:9 ne, wato in faɗi ya kai kamu 16, tsayi kamu 9. Masu 1366 da 768, da masu 1920 da 1080, wato yawan ɗigogin hoton allo a faɗi da tsayi, duk gidansu ɗaya. Shi kuwa fim ɗin da aka shirya don sinima, na Indiya ko na Amurka, sau da yawa 2.39:1 ne, faɗinsa ya ninka tsayinsa har da ɗori. Kamar ka shimfiɗa doguwar tabarma siririya a ɗaki ne, ta taɓa bango da bango, amma dole a ga ƙasa gaba da baya. A allon 1920 da 1080 irin wannan fim kusan 800 yake ci daga cikin 1080 na tsayi, sauran kusan rubu'in allo ya zauna baƙi. Haka masu fim suka ɗauke shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin da samarinmu masu tura fina-finai suke koya wa mutane, wai a ja hoton ya cika allo. Tsofaffin fina-finan Kano na zamanin kaset 4:3 ne, awon tsohuwar talabijin, don haka nasu baƙin a dama da hagu yake fitowa. In ka ja su, fuskar jarumi ta baje kamar faifai, siririya ta koma mai ƙiba. In kuma ka yanke fim ɗin sinima don ya cika, ka zubar da kusan rubu'in faɗinsa. Mutum biyu na magana a gefe da gefe, ɗaya ya ɓace, sai muryarsa kake ji. Mai kallo da manhajar kunna bidiyo ta VLC ya sani, harafin A ke canja awo, C ke yanka. A madanninmu na Faransanci A ne farkon layin haruffa na sama, yara na danna shi ba da niyya ba. A ci gaba da dannawa har hoto ya koma yadda ya zo.

Wanda zai sayi laftof don kallo kawai, 16:9 ya fi masa, shi ne ma awon yawancin bidiyon YouTube. Allon 16:10 irin na laftof ɗin MacBook da 3:2 irin na laftof ɗin Surface sun fi tsayi, suna da daɗin karatu da rubutu, amma a 3:2 fim ɗin sinima yana barin fiye da sulusin allo baƙi. Ni dai in ɗalibi ne nakan ba shi shawarar 16:10.

Dattijon ya ce zai koma ya karɓo tsohon gilashinsa. Na ce in ya samo ya adana shi cikin kwali, duk ranar da wannan ya fashe zan saka masa kyauta.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Garwa, Kamaru