Tallafin abinci: a riƙa tambayar abin da ya isa gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman a ba ni fili in yi tsokaci a kan yadda ake kawo mana labarin tallafin abinci. Duk sanda wata gwamnati ta ƙaddamar da shirin ciyar da masu ƙaramin ƙarfi, abin da ke fitowa a kanun labarai shi ne tan dubu kaza da aka fitar ko biliyan kaza da aka ware. Wannan lissafin ofis ne. Magidancin da 'ya'yansa suka kwana ba su ci ba, damuwarsa ita ce ko sunansa na cikin rajista, nawa ne rabonsa, yaushe zai zo, kuma in bai zo ba wa zai kai wa kuka. A nan ne shiri ke tsayawa da ƙafarsa ko ya rushe.

Yunwar da ake magana a kanta ba sai ta kai ga ƙasusuwa sun fito ba. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana auna ta da tambayoyi 8, tun daga fargabar abinci zai ƙare, zuwa cin abu iri ɗaya kullum, zuwa tsallake cin rana ko na dare, har zuwa wuni guda cur ba a sa komai a baki ba. Da wannan ma'auni aka ƙiyasta cewa a 2023 mutum kusan biliyan 2.3 ba su da tabbacin samun isasshen abinci. Da yawansu suna aiki. Abin da suke samu ne ba ya kai su ƙarshen wata.

Rajista ita ce wurin da aka fi yin ɓarna, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta. Dokar wadatar abinci ta Indiya ta 2013 ta tanadi hatsi ga kashi 75 cikin 100 na mazauna karkara da kashi 50 na mazauna birane, wato mutum kusan miliyan 800. Amma adadin an ɗaure shi ne da ƙidayar jama'a ta 2011. Jama'a sun ƙaru, gurbin bai ƙaru ba, don haka miliyoyin mabukata suka tsaya a bakin ƙofa. Talauci ba ya zama wuri guda: wanda ke da aiki bara yana iya rasa shi bana, maigida ya rasu, ambaliya ta cinye gona. Rajistar da ake buɗewa sau ɗaya a rufe, ta fara tsufa tun ranar da aka rufe ta. Brazil ta kama hanya mafi kyau da rajistarta ta bai ɗaya, wadda ƙofarta a buɗe take kullum, kuma dole kowane gida ya sabunta bayanansa cikin wata 24. Na'urar ɗaukar hoton yatsa ma, da ake yabo saboda tana fatattakar sunayen bogi, tana da nata aibun. Zanen yatsan tsoho da na mai aikin ƙarfi yakan goge, wani wurin kuma babu intanet, sai mai haƙƙi ya koma gida hannu rabbana. Wajibi ne a tanadi wata hanyar tantancewa idan na'ura ta ƙi.

Sai batun yawa. Masu aikin agaji suna lissafin kalori 2,100 ga mutum guda a rana. A Indiya rabon mutum kilo 5 ne na hatsi a wata. Kilo 5 na shinkafa kalori kusan 18,000 ne, a raba shi kwana 30 ya tashi 600 a rana, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ba laifi ba ne tallafi ya zama ciko, laifin shi ne a kira ciko da sunan ciyarwa. Sannan hatsi zalla ciki yake cikawa, ba ya gina jiki. In babu mai, da dangin wake, da gishiri mai sinadarin aidin, yaro zai ƙoshi amma ya tsumbure. Kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu, su ne lokacin da illar ke zama ta dindindin a tsawo da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa Amurka ta ware shiri na musamman, WIC, ga masu juna biyu da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5, ban da babban shirinta na tallafin kuɗin sayen abinci, SNAP.

Ana yawan gardama a kan ko kuɗi ya fi ko hatsi. Amsar tana kasuwa. Inda akwai abinci a kasuwa kuma farashi a tsaye yake, kuɗi ya fi, domin babu haya ta mota, babu ruɓewa a rumbu, kuma uwar gida ta fi kowane jami'i sanin abin da tukunyarta ta rasa. Inda hanya ta yanke ko farashi ke tashi kowane mako, kuɗi narkewa yake yi a hannu, hatsi ya fi. Babban kuskure shi ne a yanka adadin kuɗi a bar shi shekaru ba a taɓa ba. SNAP ana daidaita shi da farashin abinci kowace Oktoba. Tsarin lissafinsa ma abin koyi ne: ana ɗauka gida zai kashe kashi 30 cikin 100 na abin da ya rage masa, bayan an cire wasu larurori, a kan abinci, sai gwamnati ta cike sauran. In wannan ragowar ta ƙaru da dala 100, tallafin ya ragu da dala 30 kawai. Ta haka neman na kai ba ya zama asara. Shirin da ke yanke mutum gaba ɗaya don ya ɗan samu ƙari, koya masa ɓoye gaskiya yake yi.

Lokaci kuwa, ni a ganina, ya fi yawa muhimmanci. Ko a Amurka, inda kuɗin ke shiga kati a ranar da aka sani, yawancinsa yana ƙarewa cikin mako biyu na farko, ƙarshen wata ya zo da ƙunci. To ina ga wurin da ba a san ranar ba? Gidan da tallafi ya makara masa wata biyu ba zama yake yi yana jira ba. Zai ci bashi da ruwa, ya sayar da dabba ko kayan sana'a a wulaƙance, ya cire yaro daga makaranta. Lokacin da buhun zai iso, mai bin bashi na tsaye a ƙofa. Habasha ta kafa shirinta na tallafa wa gidajen da ke fama da ƙarancin abinci a 2005 ne a kan wannan darasi: maimakon roƙon agajin gaggawa kowace shekara, a san gidajen tun da wuri, a riƙa biyansu wata shida a shekara.

A rumbun gwamnati ma ana asara ba tare da ɓarawo ya shiga ba. Hatsin da danshinsa ya haura kashi 14 cikin 100 yana yin fumfuna, masara da gyaɗa kuma suna kama gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. Buhu a kan katako ake jera shi, nesa da bango, wanda ya fara shiga shi ke fara fita. Jami'in da ya riƙe hatsi yana jiran ranar bikin rabo, ƙwari yake ciyarwa.

Maganin karkatar da kaya bai kai tsadar da ake zato ba. A Indonesiya, tsohon shirin Raskin ya tanadi kilo 15 na shinkafa mai rahusa ga gida a wata, amma abin da ke isa hannun mutane a lokacin bai kai rabin haka ba. Da aka gwada aika wa masu haƙƙi kati mai nuna cewa suna cikin shirin da abin da ya kamata su samu, tallafin da suka karɓa ya ƙaru da kusan kashi 26 cikin 100. Mutumin da ya san rabonsa kilo 15 ne yana da bakin magana idan aka auna masa 6. Wanda aka ce masa kyauta ce daga mai girma, godiya kawai zai yi.

Don haka, Edita, roƙona ga wakilanka shi ne idan an sake gayyatarsu bikin ƙaddamarwa, su nemi a nuna musu rajistar da ranar da aka sabunta ta, su tambayi kilo nawa ko kuɗi nawa ne rabon mutum guda, da ranar biya ta gaba, da ofishin da ke karɓar ƙorafi. Bayan wata uku su koma gidajen da ke cikin jerin da sikeli a hannu, su buga mana abin da suka tarar.

Na gode.

Daga mai karatu.